Kyanwoyin da Godfrey Ya Bari

Talata, 24 ga Fabrairu, 1976, da yamma

Ifeoma, matar ƙanena Godfrey, ta iso daga Legas yau. Ba mu san tana tafe ba. Ina kan keken ɗinki ina kafa hannun riga sai na ji sallamar maƙwabcinmu Raimi makanike. Ashe a tasha ya gan ta zaune kan akwati, ya ɗauko ta a motarsa. Da cikin wata bakwai ta yi wannan doguwar tafiya. Ƙafafunta sun kumbura, sai da na sa ruwan sabulu takalmin ya fita.

Kayanta akwati ɗaya ne da kwando mai murfi. Baba ya fito da sandarsa, ya duba bayanta, ya duba ƙofar gida, ya ce, "Ina mijin naki?"

Ta ce, "Baba, sun zo bariki sun tafi da shi. Sun ce 'yan tambayoyi ne."

Baba ya ce to. Ya koma ɗaki ya kunna rediyo.

A cikin kwandon kyanwoyi ne guda biyu. Ban taɓa ganin irinsu ba. Gashi har ƙasa, fuska a shafe kamar an danna ta da tafin hannu. Macen fara ce, sunanta Auduga. Namijin Toka. Wata Baturiya ce ta bar wa Godfrey su da za ta koma ƙasarsu. In ya zo hutu ba shi da hira sai tasu, muna yi masa dariya, sajan guda da renon mage.

Ifeoma ta ce da za su fita da shi ya juyo a bakin ƙofa. Ta zaci maganar cikin zai yi. Sai ya ce, "Ki kai su wurin Yaya Filo. Ki ce ta riƙa taje su kullum, kada gashi ya kashe su." Tana faɗa tana dariya, sai kuma ta daina.

Laraba, 25 ga Fabrairu, da hantsi

Na tambaye ta yadda gashi ke kashe kyanwa. Tana kwance ta ɗora ƙafa kan matashi take yi mini bayani. Ta ce da harshe suke wanka, duk gashin da ya saki haɗiye shi suke yi. Na kyanwar gida gajere ne, yana wucewa. Na waɗannan kuwa taruwa yake a ciki ya zama curi. In Allah ya taimaka su amayar. In ya ƙi fitowa ta sama ya ƙi wucewa ta ƙasa, shi ke nan. Maganin shi ne mutum ya riga harshensu kwashe gashin.

Matajin ƙarfe ne, gefe ɗaya haƙora manya, gefe ɗaya ƙanana. A cikin akwatin ta sako shi, tsakanin kayan jarirai. Zanenta biyu kawai ta ɗauko amma ba ta manta da mataji ba.

Na fara da Auduga. Ta yakushe ni a wuyan hannu.

Zan riƙa rubuta abin da nake yi musu, don in ya dawo ya ga ban yi wasa ba.

Juma'a, 27 ga Fabrairu, bayan azahar

Baba ya tsaya yana kallo ina taje Toka. Ya ce, "Filomina, wannan kyanwa ce ko tunkiya?" Na ce kyanwa ce. Ya ce, "Tana kama ɓera?" Ifeoma ta amsa daga ɗaki, "Tsoronsa take ji, Baba." Ya ce shi a gidan ubansa dabbar da ba ta aiki ba ta cin abinci. Ya ce kada ya kuskura ya ga ɗaya a ɗakinsa.

Na gane yadda ake yi. A fara da manyan haƙora, daga wuya zuwa wutsiya, a hankali, ana riƙe gindin gashin da yatsu don kada ya ja fata. Inda ya fi cukurkuɗewa bayan kunne ne da hammata da tsakanin cinyoyi. In an gama a jiƙa ƙyalle a shafe jikin, ya kwashe ragowar. Ƙyalle dai ba na rasawa.

Lahadi, 29 ga Fabrairu, da la'asar

Mun je coci ni da Baba. An yi wa ƙasa addu'a saboda kisan da sojoji suka yi wa shugaban ƙasa. Ba a ambaci sunan kowa ba. Bencin da muke zama ya yi mana fili yau.

Na taje su. Babu labari.

Talata, 2 ga Maris, da safe

Na taka wani abu a bakin ƙofar ɗakin ɗinki, dogo kamar yatsa, jiƙe. Na zaci kashi ne. Ifeoma ta duba ta ce shi ne curin, na Auduga, tunda fari ne. Ta ce mu gode Allah ya fito.

Abincinsu: kifi busasshe a jiƙa a cire ƙaya tsaf, ko hanjin kaza dafaffe, da 'yar shinkafa. Ba a cika musu kwano. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, don in suka yi haɗama komai dawowa yake. Godfrey yana dama musu cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa a ciki, wai ita ke tura gashin ya wuce. Sannan man shanu ɗan lakace a yatsa, ba kullum ba. Ruwa kuwa a kwano biyu, wuri daban-daban, a sauya safe da yamma, don ba sa shan wanda ya kwana.

Kabewa ta yi wuya a kasuwa yanzu. Na aika saƙo ƙauyen Agwada wurin gwaggo ta duba mini ko da saura a rumbu.

Alhamis, 4 ga Maris, da yamma

Caroline, shugabar zumuntar mata, ta zo ta karɓi yadin rigunan Ista. Ta ce sun ga aiki ya yi mini yawa, ga baƙuwa mai ciki, za su rage mini. Na ce na riga na yanka biyar. Ta ce ba komai, ta karɓa haka. A tsaye ta yi maganar. Da za ta fita ta ga Toka kan tabarma ta ja da baya, ta ce, "Su ne waɗanda ake faɗa?" Ban tambaye ta abin da ake faɗa ba.

Godfrey direba ne a soja. Inda aka ce ya kai mutum, nan yake kai shi. Ban san abin da ke da wuyar ganewa a nan ba.

Asabar, 6 ga Maris, da rana

Zafi ya sauka. Gashi sai zuba yake, a miya, a bakin keke, a kan baƙin siket ɗin da nake ɗinka wa matar Raimi. Yanzu sau biyu nake taje su.

Litinin, 8 ga Maris, da la'asar

Mun yi baƙi. Mutum biyu, ba kaki a jikinsu, motarsu ta tsaya a ƙofar garejin Raimi. Sun gaida Baba da ladabi. Sun ce Ifeoma ta buɗe akwati, ta buɗe. Sun zazzage kayan jarirai a kan tabarma, sun tafi da hotuna. Sun tambaye ta su wa ke zuwa gidansu a Legas. Ta ce ita kicin take. Ɗayan ya leƙa ƙarƙashin gado, Toka ya yi masa huci, ya buga kai da katako wajen janyewa. Ba wanda ya yi dariya.

Baba ya raka su har mota, yana cewa, "Ranku ya daɗe, yaron yana cin abinci?" Ba su juyo ba.

Bayan sun tafi ni da Ifeoma muka ninke kayan. Ta ce ba yau ta fara haɗa akwati a gurguje ba, wancan karon tana budurwa a Kafanchan, lokacin rikicin 1966. Daga nan ba ta ƙara ba, ni ma ban ja zancen ba.

Toka ya ƙi fitowa. Ina jin sa a ƙarƙashin gado yana lasar jikinsa, ba tsayawa.

Talata, 9 ga Maris, da safe

Ya fito ya sha ruwa ya koma. Ya lashe gefen cikinsa har fata ta fara nunawa. Bai bari na taɓa shi ba.

Laraba, 10 ga Maris, da yamma

Toka bai ci komai ba. Yana miƙa wuya ƙasa yana kakari, jikinsa duk yana motsi, ba abin da ke fitowa sai kumfa. Na duba kaskon yashinsu, na Auduga kawai na gani.

Kabewa ta iso daga Agwada, guda uku. Gwaggo ta ce a gaida Baba. Ba ta ce a gaida kowa ba bayan shi.

Alhamis, 11 ga Maris, da magariba

Raimi ya kai ni ofishin dabbobi da Toka a kwando. Malachi na samu, wanda muka yi ajin baftisma tare. Ya ce shi shanu ya sani da awaki, amma ya ɗora shi kan tebur ya lallatsa cikin. Ya kama yatsana ya ɗora a wurin. Akwai abu mai tauri kamar ƙwallon goriba ƙarami.

Ya ba ni wani farin mai a kwalba, wanda ake ba mutane in ciki ya ɗaure. Ya ce, "Kada ki ɗura masa, Filomina. In ya shaƙe ya shiga huhu, kin kashe shi da hannunki. Ki gauraya da ruwan kifin gwangwani, rabin ƙaramin cokali. In ya ƙi, ki shafa basilin a bayan ƙafarsa ta gaba, dole ya lashe." Na ce in bai wuce ba fa? Ya ce sai a yanka ciki a cire, kuma ba mai yin wannan a nan, sai asibitin dabbobi na Vom. Ya raka ni har bakin hanya. Ya ce, "Yaya Baba?" Na ce lafiya. Ya ce, "Muna addu'a." Shi ne na farko da ya faɗa da baki.

Mun dawo muka tarar da Baba ya fito da rediyo tsakar gida. Ifeoma tana zaune a ƙasa ta jingina da turmi. An ce za a yi sanarwa.

An karanta sunayen waɗanda aka harbe kan yunƙurin juyin mulki.

Ina riƙe da Toka a cinya ina shafa masa basilin. Mai karantawa ba ya sauri. Kowane suna sai ya faɗi muƙami tukuna, sai in ji numfashin Ifeoma ya tsaya, sai sunan ya fito, sai ta saki. Da ya zo kan masu igiya uku, muƙamin Godfrey, na daina jin yatsuna. Sunaye irin namu ne da yawa, na mutanen yankin nan.

Babu nasa. Akwai na maigidan da Godfrey yake tuƙawa.

Baba ya kashe rediyo. Ya ce, "Kowanne a cikinsu akwai tsohon da ke zaune kamar ni." Bai ci tuwo ba.

Na duba sai na ga na shafe wa Toka ƙafa har gwiwa.

Juma'a, 12 ga Maris, da hantsi

Ya lashi ruwan kifin kaɗan. Ba kashi.

Juma'a, da yamma

Ba kashi. Na zauna kusa da kaskon yashi kamar mai jiran mota.

Asabar, 13 ga Maris, da safe

Curin ya fito. Dogo, baƙi, duk gashi. Na kira Ifeoma ta zo ta gani, muka tsaya mu biyu a kan kashin kyanwa muna cewa mun gode Allah. Sai ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba tun zuwanta. Na bar ta ta yi.

Ya ci kifi da kabewa, ya nemi ƙari. Ban ba shi ba sai da rana.

Talata, 16 ga Maris, da la'asar

Cikin Toka ya dunƙule saboda kwanakin da bai bari an taje ba. Wuri uku sai almakashi. Ana zura mataji tsakanin ƙullin da fata, a yanka a saman mataji, don fatarsu sirirya ce kamar yadin lilin. Amma ba ya kwanciya rigingine don Allah, kuma Ifeoma ba ta iya sunkuyawa.

Ina ta fama sai Baba ya ajiye sanda ya zauna kan kujerarsa. Ya ce, "Kawo shi nan, kina ɓata mana rana." Ya kama ƙafafun gaba da hannu ɗaya, ya tallafe ƙeyar da ɗayan, kamar yadda yake riƙe ɗan akuya. Toka ya yi lamo. Baba yana yi masa magana da yarenmu, yana ce masa rago, ɗan gatan banza, wanda bai san noma ba. Da muka gama ya kakkaɓe wandonsa ya ce kada in saba.

Laraba, 17 ga Maris, da la'asar

Baba ya fito da kansa ya zauna, ya ce, "Ina ragon?"

Lahadi, 21 ga Maris, bayan coci

Auduga ta cinye mini ganyen albasa da na dasa a bayan randa, ta yi amai. Malachi ya ce albasa guba ce gare su, in tuge ta duka. Ya ce ciyawa suke nema, tana taimaka musu da gashin. Yanzu ko ina a bushe yake. Baba ya ji, ya ɗauki tsohon kwanon wanki ya cika da ƙasa ya watsa dawa. Ya ce cikin mako za ta tsiro, su yi ta ci.

Alhamis, 25 ga Maris, da yamma

Na taje su. Babu labari.

Asabar, 27 ga Maris, da yamma

Na taje su.

Alhamis, 1 ga Afrilu, da magariba

Baba ya je Jos kan maganar Godfrey. Akwai ɗan wani abokinsa da ya zama babba a can, wanda Baba ya koya wa karatu a ajin Lahadi. Ya sa babbar rigarsa ta bikin Godfrey. Raimi ya rufe gareji ya kai shi, ya ƙi ko a yi maganar mai. Ya ce, "Anti Filo, Baba babana ne. Ki bar wannan."

Sun dawo yanzu. Baba ya wuce ɗaki. Raimi ya tsaya a zaure yana juya makulli a yatsa. Ya ce sun wuni a ƙofar gida cikin rana. Mai gadi ya ce maigida ba ya nan. Motarsa tana ciki. Da la'asar aka aiko musu da ruwan sanyi a kofi.

Na shiga kai wa Baba kunu na tarar da Toka kwance a kan ƙafafunsa. Na miƙa hannu zan ɗauke shi. Ya ce, "Bar shi."

Talata, 6 ga Afrilu, da hantsi

An yi ruwan farko jiya. Kyanwoyin sun ɓuya a bayan keke. Da laima gashin ya fi saurin ƙullewa, sai na riƙa barbaɗa ɗan garin sitaci a wurin kafin in taje, yana warwarewa.

Baba ya ce kansa na sarawa. Rabin tuwonsa yake ci, sauran ya ce a ba almajirai. Ya rame a wuya.

Ifeoma ta tambaye ni ko ana barin mutum ya yi aski a irin wurin nan. Na ce ban sani ba. Ta ce Godfrey ba ya son gemu, ƙaiƙayi yake sa shi.

Lahadi, 18 ga Afrilu, Ista, da rana

Zumuntar mata sun yi kyau. Wuyan rigunan ya ɗan karkace, amma ba wanda zai lura sai tela.

Baba bai iya zuwa ba. Na dawo na same shi a kujera, Auduga a gefe, Toka a cinya, yana bi da yatsu yana neman ƙulli. Ya ce akwai ɗaya a bayan kunnen hagu, na bar shi jiya. Gaskiyarsa ne.

Alhamis, 22 ga Afrilu, da yamma

Ifeoma ta sauka da hantsi, a asibiti. Mace. Lafiya lau su biyun. Goshin na Godfrey ne, ba tambaya.

Asabar, 24 ga Afrilu, da la'asar

Sun dawo gida. Na hana kyanwoyin shiga ɗakin mai jego, na kafa labulen buhu a ƙofar na danne da dutse. Auduga ta wuni tana kuka a bakinsa.

An kai wa Baba jaririyar a gado. Ya daɗe yana kallonta. Ifeoma ta ce, "Baba, ko mu jira babanta ya sa suna?" Ya ce, "'Yata, ba a ajiye yaro ba suna ana jiran mutum. Mabel ce." Sunan mamarmu ke nan. Ya yi mata addu'a, muryarsa ba ta fita sosai.

Talata, 27 ga Afrilu, da safe

Baba bai tashi ba.

Laraba, 28 ga Afrilu, da yamma

Mun kai shi makwancinsa. Mutane sun zo, har waɗanda suka daina gaishe mu. Caroline ta kawo shinkafa. Raimi da yaran garejinsa ne suka yi haƙa tare da matasan coci.

Ban taje su ba jiya da yau.

Asabar, 1 ga Mayu, da hantsi

Kwana huɗu kawai, amma hammatar Auduga ta zama kamar igiya. Na yanke. Toka yana kwance a ƙofar ɗakin Baba, ba ya cin kifi sai na kai masa can. Cikinsa ban iya tajewa ni kaɗai. Na gwada naɗe shi a zane, ya fizge.

Wa zai gaya wa Godfrey? Ta wace hanya?

Talata, 4 ga Mayu, da yamma

Toka ya amayar da curi babba a kan tabarmar Baba. Na wanke. Na koma ba shi man shanu da kabewa a jere. Kabewa ta ƙarshe ke nan, na yanka ta na shanya rabi don kada ta ruɓe.

Rediyon yana wurina yanzu. Ina kunnawa, ina rage murya saboda mai jego. Ta ce in daina ragewa, tana ji ko yaya.

Asabar, 15 ga Mayu, da magariba

An sake karanta sunaye. Kaɗan ne wannan karon. Babu nasa. An ce wasu ɗauri, wasu za a sallame su. Ba a faɗi duka ba.

Ifeoma tana ba Mabel nono, ba ta ɗaga kai ba har aka gama. Sannan ta ce, "Yaya, ruwan kyanwoyin nan tun safe ne." Na tashi na sauya.

Laraba, 19 ga Mayu, da yamma

Na taje su. Babu labari.

Lahadi, 23 ga Mayu, da yamma

Babu.

Alhamis, 27 ga Mayu, da la'asar

Ya dawo.

Ina shanya a tsakar gida na ga mutum a zaure, da wando da riga na farar hula da suka yi masa yawa, da gemu. Na ce wa ake nema. Ya ce, "Yaya Filo."

Ba zan iya rubuta yadda Ifeoma ta fito ba. Ta miƙa masa yarinyar, ya karɓa da hannun hagu, ya zauna a kan turmi. Ya tambayi sunanta. Aka faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce, "Baba ne ya sa, ko?" Sai ya juya wajen ɗakin ya ɗaga murya, "Baba, na dawo."

Da kwaɗo a ƙofar. Ya dube shi. Ya dube ni.

Raimi ne ya raka shi maƙabarta. Sun daɗe.

An sallame shi daga aiki. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, mu ma ba mu tambaya ba. Auduga ta gan shi ta shige ƙarƙashin gado. Toka ya shinshina ƙafarsa ya wuce.

Juma'a, 28 ga Mayu, da hantsi

Ya yi aski. Ya ci abinci kaɗan, da cokali, da hagu. In mota ta tsaya a garejin Raimi sai ya daina tauna har ta tashi.

Na nuna masa abin da na rubuta game da su, ciwon Toka da abin da Malachi ya ce. Ya karanta shafi biyu ya rufe, ya ce na gode.

Ya ga mataji a kan taga ya ɗauka. Ya faɗi. Ya sake ɗauka, ya sake faɗuwa. Yatsu biyu na hannun damansa ba sa lanƙwasawa. Ya sa hannun a aljihu ya fita bayan gida. Na ɗauke matajin na mayar kan taga.

Lahadi, 30 ga Mayu, da la'asar

Bai je coci ba, ni ma ban je ba. Ifeoma da Mabel suna barci.

Na gama da Auduga na kamo Toka. Cikinsa ya yi wata guda ba a taje shi da kyau ba, ƙulli har huɗu. Ina ta kokawa da shi a tabarma, Godfrey yana zaune a kujera yana kallo. Can ya ce, "Kawo shi, Yaya."

Ya kwantar da shi a cinya, ya riƙe ƙafafun gaba da hagu, ya tallafe ƙeyar da damtsen dama. Toka ya yi ɗan gurnani, ya shinshina rigarsa, sai ya saki jiki. Na zura mataji na yanke ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Na bi da manyan haƙora, na bi da ƙanana. Ya ce na fi shi iyawa, shi bai taɓa tunanin sitaci ba. Ya ce sun yi ƙiba. Na ce kabewar Agwada ce.

Ya ce, "Wannan ba ya tajuwa da mutum ɗaya. Ni Ifeoma ke riƙe mini. Da tana da ciki wa ke riƙe miki shi?"

Na ce, "Baba."

Ya ce, "Wane Baban?"

Na ce, "Naka. Kullum da la'asar, a kujerar nan da kake zaune. Yana zaginsa da yare, wai rago ne bai san noma ba."

Ya yi dariya. Ita ce ta farko tun dawowarsa, har kafaɗunsa na girgiza. Ya ce, "Baba? Baba da kyanwa a cinya?" Ya ci gaba da dariyar, sai ta sauya. Ya sunkuya ya kifa fuskarsa a gashin Toka. Toka bai motsa ba.

Na koma kan wutsiyar na ci gaba da tajewa, ko da yake ta riga ta taju.